Kwaɗon Madagaska mai binne kansa, da namu na nan gida

Malama Bilki: Assalamu alaikum jama'a, ya zafi. Yau wata ɗalibata 'yar aji biyu ta ƙure ni wallahi, muna tsakiyar darasi kawai ta ɗaga hannu tace Malama wai ina kwaɗi suke tafiya da rani, nace mata ƙasa suke shiga su ɓuya, tace to me suke ci a can, kuma wa yake gaya musu ruwa ya sauka? na dai yi mata 'yan kame-kame aka buga ƙararrawa na tsira. Da na dawo gida abin ya tsaya min a rai, na zauna ina ta karance-karance a waya har miyata ta kama, garin haka ne na ci karo da wannan bawan Allah da na sa muku hotonsa. Sunansa a wajen masana Scaphiophryne marmorata, duk duniya a tsibirin Madagaska kaɗai yake, can ɗin ma ba ko'ina ba sai dazukan gabas masu yawan ruwa irin wajen Andasibe, kusan kilomita 140 daga babban birninsu Antananaribo. Ɗan mitsitsi ne santimita 3 zuwa 5, kore shar da zanen duhu-duhu a baya kamar kakin soja, ga shi a kumbure kamar an hura shi. A ƙafarsa ta baya akwai wani ɗan tudu mai tauri kamar bakin shebur, da shi yake haƙa, kuma da baya da baya yake shiga yana murza ƙugu har ƙasa ta rufe shi ruf. Abin da ya fi ɗaure min kai, yatsun hannunsa kuma masu faɗin baki ne irin na kwaɗin da ke hawa bishiya, wato ga haƙa ga hawa. Tun 1882 wani Bature Boulenger ya rubuta bayaninsa a Landan, amma da yake rayuwarsa a ɓoye take ba a cika ganinsa ba sai an tafka ruwa.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam Malama, ni da na ga kwaɗo na ɗauka na zogale ne har na fara haɗiyar yawu, ashe mai tsalle ne hhhh

Maman Hanif: Ni kuma na ƙofa na zata. Amma tsakani da Allah yana da kyau, da atamfa ce da na ɗinka da sallah. Sannu da miya Malama

Sarkin Musu: Madagaska dai Madagaska? waɗanda suka yi mana 2 da nema a Masar a 2019, suka dawo 2020 suka aiko mana da ruwan tazargade a kwalba wai maganin korona? to yanzu kuma kwaɗo. Ni Malama da girmanki amma maganar nan akwai gyara. Kin ce daji ne mai yawan ruwa, to kwaɗon da yake cikin ruwa tsamo-tsamo me zai kai shi binne kansa? wanda yake Sakkwato ko Maiduguri in ya shiga ƙasa na gane, rana ce ta koro shi, amma wannan fa? ko dai Turawa ne suka ga ya shiga rami sau ɗaya suka ɗauki biro

Malama Bilki: Nima farko haka na ce a raina. Amma ka sani can ma ba kullum ake ruwa kamar da bakin ƙwarya ba, damunarsu daga wajen Nuwamba ne zuwa Maris ko Afrilu, lokacin da mu muke fama da hunturu da ƙura kenan, daga nan sai su shiga watannin sanyi ruwa ya ja baya. Sannan kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar ni da kai, ta fata yake tsotsa musamman fatar ciki, kuma ta fatar yake asarar ruwan, shi ya sa ko yini ɗaya iska ta buge shi a fili ya shiga uku. Ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da ƙasa mai laushi kuwa kullum da danshi, ga abinci a wajen, tururuwa da ƙananan ƙwari, ga macizai da tsuntsaye ba sa ganinsa. To me zai fito yi? aure kawai ke fito da su, in an yi ruwa mai ƙarfi ya kwanta a 'yan ramuka sai su fito gaba ɗaya, mazan su cika wajen da kuka, a yi ƙwai cikin 'yan kwanaki kowa ya koma inda ya fito.

Ɗan Rigasa: Wato irin mutanenmu na Abuja, ba ka ganinsu sai ɗaurin aure

Injiniya: Kai Malama kin tuna min wani abu. Bara war haka, cikin azababben zafin nan na Maris, muna haƙa sokawe a wani gini da nake dubawa nan Kaduna ta wajen Rafin Guza, filin a gangare yake da alama da can fadama ce aka cike. Sama ƙasar ta bushe ƙamas diga har tartsatsi take, da aka yi kamar ƙafa uku sai aka fara samun baƙar ƙasa mai sanyi, kawai wani yaro lebura ya yi ihu ya yar da shebur ya haye sama. Na leƙa sai ga wani abu kamar dunƙulen ƙuli-ƙuli yana motsi a jikin bangon ramin, na sa hannu na ɗauko, kwaɗo ne wallahi, bai fi kan babban yatsana biyu ba, jikinsa sumul ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, idanu ƙanana kamar na ɓera jariri, ga hanci a tsine kuma da tauri in ka taɓa. Nan fa gardama ta kaure, leburori suka ce asiri ne aka binne wa mai gidan, wai ta ina kwaɗo zai shiga ƙafa uku ba rami ba ƙofa, ɗaya har yana cewa a kira mai gidan a yi masa albishir an tono sammu. Ni dai na ajiye shi a kan ƙasar da muka tara mai danshi, ina tsaye ina kallo ya kafa hancin nan ya fara turawa, kafin in ciro waya in buɗe kyamara rabin jikinsa ya shige, da kai ya shiga ba da baya ba. Ranar sai da na ƙara wa yaron nan ɗari biyar kafin ya yarda ya koma ramin.

Maman Hanif: Innalillahi, Injiniya da hannunka?? ni ko a tsakar gida na gan shi sai dai in kira Hanif ya share shi da tsintsiya, an ce fitsarinsa yana sa kuraje

Abban Zara: Hajiya fitsarinsa ruwa ne kawai da ya tara, tsoro ke sa ya sake shi. Abin da ake gudu shine farin ruwan da ke fita a bayan kan irin mai ƙurji-ƙurjin nan na tsakar gida, kar ya taɓa ido ko baki, in an taɓa a wanke hannu shikenan. Injiniya yadda ka kwatanta ɗin nan ina kyautata zaton Hemisus marmoratus ka tono, mun yi shi a jami'a a Samarun Zariya lokacin muna karatun dabbobi. Yawancin kwaɗi masu haƙa da baya suke shiga kamar na Malama, shi wannan yana cikin 'yan kaɗan da ke shiga da kai, shi ya sa hancin ya yi tauri. Kuma ka san wani abin mamaki, macen ba a ruwa take yin ƙwai ba, ɗaki take haƙawa a ƙasa kusa da inda ruwa zai kwanta, ta yi ƙwan a ciki ta zauna a kansu, in sun ƙyanƙyashe ko ruwa ya cika ya iso su ko ita ta haƙa musu hanya zuwa ruwan. Wannan a nan ƙasar tamu fa, ba Madagaska ba.

Malama Bilki: Allahu akbar. Ka ga ni na tafi har tsibiri neman abin da ke ƙarƙashin sokawen Injiniya. Abban Zara don Allah amsa min tambayar yarinyar nan yadda zan faɗa mata gobe, me suke ci, wa ke tashinsu

Abban Zara: Masu dogon kwanan rani ba sa cin komai Malama. Da damina suke tara kitse a ciki, in sun shiga ƙasa sai jikin ya rage aiki, numfashi ya yi ƙasa bugun zuciya ya yi ƙasa, kitsen nan ake ɗan gutsura har wata biyar wata shida. Ruwa kuma a mafitsara suke ajiye shi jiki yana ja a hankali. Akwai wani babba ma da muke da shi a yankin nan mai faɗin baki, har cizo yake, shi saɓa yake yi fata kan fata ba ya yarwa, sai ta bushe ta zama masa kamar leda ta rufe ko'ina ban da hanci. Tashi kuwa danshi ne in ya ratsa ƙasa ya iso su, sannan a wani irin na hamadar Amurka an gwada an ga girgizar da saukar ruwa ke yi a ƙasa kaɗai ma tana fito da su tun kafin su jiƙe.

Baba na Kawo: Salamu alaikum yara. Ina ta karantawa jikata ce ke taya ni rubutu. Wannan da ɗana Abban Zara ya faɗa ai shine halin gaiwa, muna yara in fadama ta bushe mukan bi manya da fartanya ana tono ta a cikin busasshen laka, a naɗe cikin wata 'yar jaka kamar an ɗaure ta, shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Kwaɗi kuwa mu abin da aka gaya mana shine daga sama suke faɗowa da ruwan farko, kuma mun yarda, don da yamma babu ko ɗaya, a yi ruwa da dare, da asuba ka fito masallaci ka rasa inda za ka taka. Lokacin da na zo garin nan ina saurayi, daga Kawo in ka nufi Mando kududdufai ne da gonaki, daren farkon damina ba mai barci, wani na ƙugi kamar sa, wani kamar ana kaɗa ƙwarya, wani siriri kamar usur, tsofaffi har suna gane wanda in ya fara to a fito da iri. Bududdugi kuwa yara ke kamawa. Yanzu shekara nawa rabon da in ji wannan, sai dai janareta.

Malama Bilki: Allah ya ƙara girma Baba, a gaida mana 'yar sakatariya

Sarkin Musu: Baba Allah ya ja kwana, ba musu zan yi da ku ba. Amma ni fa har yanzu ban ga abin tashin hankali ba. Kwaɗo ya ragu a Kawo to sai me? mutane ne suka ƙaru suka yi gidaje, ko so ake a bar mutum a haya saboda kwaɗo ya samu wajen waƙa. Kududdufan nan da ake kewa su ne fa gidan sauro, su ne yara ke faɗawa duk damina. Mu da muke fama da kuɗin shinkafa da na makaranta, hanyar Birnin Gwari ma sai da addu'a, a ce mu zauna jimamin kwaɗon wata ƙasa

Ɗan Rigasa: Yau kam ina bayanka Sarki. Kududdufin bayan layinmu da aka cike ba wanda ya yi kuka

Maman Hanif: To ai an ce su ke cinye sauron

Abban Zara: Gaskiya Hajiya wannan ana zuzuta shi fiye da kima, ba zan yi wa Sarki ƙarya don in ci gardama ba. Kwaɗo yana cin sauro in ya samu amma ba shi ne zai raba mu da zazzaɓi ba, gidan sauro da magani ne wannan. Abin da suke ci da gaske gara ne da shinge da tururuwa da fara da tsutsar gona, su kuma macizai da shamuwa da balbela da kifi su ci su. Ni inda nake ganin amfaninsu ya fi shine fatar nan tasu, duk abin da ke cikin ruwa ko ƙasa kai tsaye yake shiga jikinsu, to in ka ga fadama da ruwa da ciyawa amma tsit ba kuka, ka tambayi me ake fesawa a wajen, don ruwan nan shi ne ke gangarawa rijiyoyi da kogin da muke sha. Kuma Sarki ba wanda ya ce kar a yi gida. Tsakanin cike kwatamin cikin unguwa da cike fadama gaba ɗaya akwai tazara, wanda ya ga yadda ruwa ke shiga gidajen bakin kogi a garin nan duk Agusta da Satumba ya san fadama ba ta yafe bashi.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, gidan da nake magana ma sai da muka ɗaga fandeshan sosai, na gaya wa mai shi ruwa yana da hanyarsa ya ce in dai yi aikina. Yanzu kowa intalok har bakin get, ko tafin hannu ba a bari na ƙasa, ruwan ina zai shiga balle kwaɗo

Ustaz: Bismillah. Tunda an zo nan bari in sa baki kaɗan. Akwai hadisi a Abu Dawud da Nasa'i, wani mai magani ya tambayi Manzon Allah SAW game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Don haka yaran da ke bin su da duwatsu da damina a riƙa tsawatar musu. Kuma an ambaci kwaɗi a Suratul A'araf aya ta 133 cikin abubuwan da aka aika wa mutanen Fir'auna tare da ɗufana da fara da ƙwarƙwata da jini. Maganar ci kuma malamai sun yi saɓani, ba nan ne wajenta ba.

Direban Kudu: Ustaz ko an yi saɓani ko ba a yi ba ana ci hhh. Ni da motata na sha ɗaukar buhunan busasshen kwaɗo zuwa Ibadan, an tsire su an ƙyafe baƙi ƙirin kamar banda, in ba an faɗa maka ba ka ce kifi ne, kuma kuɗi ne sosai a can. Masu kamawa da dare suke shiga fadama da tocila, kuma su da bakinsu suke cewa wuraren da suke samu da yanzu sai sun ƙara nisa

Malama Bilki: To ka ga na Madagaskan ba cinsa ake ba, shi kyansa ne ya ja masa, ana kama su a kai Turai da Amurka masu kiwon kwaɗi a akwatin gilas su saya. Akwai ɗan uwansa ma da ya fi shi ado, Scaphiophryne gottlebei, fari da ja da kore da baƙi kamar an zana da hannu, shi a duwatsun Isalo yake can kudu inda ba ruwa sosai, sai 1992 aka raɗa masa suna, kuma saboda yawan kamawa sai da aka sa shi cikin dabbobin da ba a fitar da su sai da takarda. Amma babbar matsalar koren nan ba masu kamawa ba ce, dajin ne ke tafiya. Manoman can suna da wani salo da suke kira tavy, a sare daji a bari ya bushe a cinna wuta a shuka shinkafar tudu a cikin tokar, shekara biyu uku ƙasa ta gaji a matsa gaba, ga masu gawayi ga masu katako. Shi kuma dabararsa duka ta ɓuya ce, in maciji ne ya ɓuya in rani ne ya ɓuya, to in an ɗauke inuwar aka ƙone ganyen da yake kwana a ƙarƙashi rana ta daki ƙasar kai tsaye, ɓuyan me zai yi. Yanzu haka yana cikin jerin halittun da ake jin tsoron ƙarewarsu.

Sarkin Musu: Yauwa an zo wajen. Manomin nan da ya sare daji don ya ci shinkafa, laifinsa ne? talaka ne fa, Madagaska tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. Bature ya gama cinye nasa dajin ya yi kuɗi, yanzu ya zo da kyamara yana cewa kar ka taɓa naka akwai kwaɗo a ciki. Gwano ba ya jin warin jikinsa

Malama Bilki: Ban ce laifinsa ba ne Sarki, kuma maganarka akwai gaskiya a ciki. Amma mu ma in mun duba, tirelolin gawayin da ke fitowa ta hanyar Kachia kullum Bature ne ke sarewa? ni kaina da gawayi nake girki tunda gas ya gagara, shi ya ƙona min miyar ma yau. Ba neman mai laifi nake ba, ni dai abin da ya dame ni shine abu yana iya ƙarewa ƙarƙashin ƙafarka ba ka ma san akwai shi ba. Giwa in ta ɓace kowa zai sani. Wannan kuwa dama ba ganinsa ake ba.

Abban Zara: Sarki ka ambaci gwano ka tuna min, akwai wani kwaɗo a yankinmu na Afirka ta Yamma har nan Najeriya, Phrynomantis microps, bayansa ja gefensa baƙi, dangi ɗaya ne da na Malama in an bi salsala. Shi wannan da rani cikin gidan gwano yake shiga ya yi zamansa, gwanon da ke kashe wasu kwaɗin su cinye, amma shi akwai wani sinadari a fatarsa da ke hana su cizonsa. Ya samu danshi ya samu masu gadi kyauta.

Ɗan Rigasa: Wannan ai ɗan siyasa ne

Maman Hanif: Hhhh kai Ɗan Rigasa Allah ya shirye ka. Malama wai me ya sa komai nasu na Madagaskan daban ne? ba Afirka ba ce?

Malama Bilki: Afirka ce a taswira Hajiya amma teku ya raba mu da daɗewa, masana ƙasa sun ce rabuwarta ta ƙarshe ma da Indiya ce, wajen shekara miliyan 88. Shi ya sa abin da ke can ya yi ta rayuwarsa shi kaɗai. Kwaɗinsu da aka riga aka sa wa suna sun haura 300 kuma kusan dukkansu babu su a ko'ina sai can, har yanzu ma ana ta samo sababbi musamman irin masu shiga ƙasan nan. Babu zaki babu kura babu biri irin namu, babu kububuwa babu kasa babu gamsheƙa. Akwai wani jajir da shi da ake ce wa kwaɗon tumatur a garin Maroantsetra, shi har cikin lambuna da magudanan gari yake zama, macen ta kai santimita 10, shi ma yana binne kansa a laka, in abu ya cafke shi sai ya kumbura ya fitar da wani farin ruwa mai danƙo ya liƙe wa abin baki

Sarkin Musu: Miliyan 88, wa ya riƙe musu kalandar

Abban Zara: Duwatsu ne kalandar, amma wannan muhawarar wata rana ce Sarki kar ka ja mu. Abin da zan ƙara, kun san irin kwaɗon tsakar gidan nan namu mai ƙurji da dafi? asali babu danginsa a Madagaska sam. Sai a 2014 aka farga wani irinsa na Asiya ya shigo ta Toamasina, babbar tashar jirgin ruwansu, ana zaton cikin kwantena ya biyo kaya, yanzu ya bazu a yankin. Macizanmu na nan da yawa sun saba da irin dafin tun kaka da kakanni, nasu kuwa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, maciji ya haɗiye shi ya mutu. Kuma yankin gabas ɗin ne dai inda na Malama yake.

Direban Kudu: Wato shi ma kwaɗon ɗan ci-rani ne ya bi mota ba tikiti

Baba na Kawo: Malama ki gaya wa yarinyar nan Baba ya ce ta ci gaba da tambaya. Mu da muka yi shiru shekara sittin muna cewa daga sama suke faɗowa.

Malama Bilki: In sha Allah Baba. Jama'a ga wata shawara, hadari ya fara haɗuwa kwana biyun nan, duk ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi kowa ya fita ƙofar gida bayan isha ya ɗauko mana sautin abin da ya ji a unguwarsu ko minti ɗaya ne, Abban Zara ya faɗa mana su waye

Sarkin Musu: Ni dai ba ruwana, datana ba ta kwaɗo ba ce

Malama Bilki: Jama'a barkanmu da ruwa! jiya kwana tara da maganarmu, an tafka shi tun ƙarfe takwas har sha ɗaya, ina masu sauti? Nan Unguwar Rimi ta wajen gangaren kogi sai da na rufe taga don kuka

Baba na Kawo: Mun fita da jikata har bakin titi. Ɗaya tak muka ji a cikin kwalbati, shi ma ya yi sau uku ya yi shiru.

Injiniya: Ni da safen nan na je wani saiti a Millennium City, ramin sokawe da muka bari a buɗe ya tara ruwa, na ƙirga guda 11 a ciki sun kasa fita, biyu masu tsinin hancin nan ne. Yaron bara ne ya shiga da bokiti ya kwaso su da kansa muka zuba a gangare, bai ce a ƙara masa ko sisi ba, sai ma ya ce in tambayi mai Samarun nan ko macen ce babbar

Abban Zara: Ita ce babbar. Kuma a jingina katako a ramin in za a tashi aiki su samu na hawa

Maman Hanif: Mu nan Kinkinau shinge ne ya cika mana gida, kwaɗo biyu a ƙarƙashin fitilar waje suna ta lashewa, na hana Hanif taɓa su da tsintsiya

Malama Bilki: Ɗalibata kuma ta zo min da ɗaya a gwangwanin madara ta huhhuda murfin, wai a aji za mu ajiye shi mu ga ko zai haƙa. Na ce ta zuba masa jiƙaƙƙiyar ƙasa mu kalla zuwa tashi, in an tashi ta mayar da shi daidai inda ta ɗauko

Sarkin Musu: Abban Zara duba abin da na tura maka ta gefe. Ba wai na fita don ku ba ne, janareta na je kashewa. Wanda ke yin ƙasa-ƙasa kamar ana jan kujera a siminti ɗin nan, a bayan na farkon, wanne ne shi?